Inda Gani Bai Kori Ji Ba: Baƙuwar Sankara a Hanyar Fitsari

Takardar da ta shigo da ita ɗakin hoto kalma biyu ce kawai a kanta: ciwon ciki. Dattijuwa ce da ta haura hamsin, 'yarta na biye da ita riƙe da jaka da mayafi. Ta yi kwana goma tana amai, fitsarinta ya ragu, ƙafafunta sun tasa. Ina koyon aiki a lokacin, ina tsaye a bayan malaminmu yayin da ya shafa mata man nan mai sanyi a kwiɓi ya ɗora kan na'urar sikanin. Ƙodar dama ta fito a allo a kumbure da fitsarin da ya rasa hanyar sauka. Ta hagu ma haka. Ya nemi tsakuwa, babu. Ya gangara mafitsara, babu ƙari a cikinta, sai dai bangonta ya yi kauri ta kowane gefe, irin kaurin da ake gani ga wadda ta daɗe tana fama da ciwon sanyi. Mahaifa lafiya lau. Ya yi shiru yana ta juya kan na'urar. Da ya ce ta ɗan ɗaga riga zai duba hanta, sai ga tabon ɗinki ya ratsa ƙirjinta na hagu, wurin a shafe.

"Hajiya, an taɓa yi miki aiki a nan?"

"Wannan ai tsohon zance ne, likita. Shekara tara ke nan da aka cire, kuma an ce mini na warke."

Amsar nan ta fi duk abin da ke kan allon nauyi. Daga ita ne aka daina neman tsakuwa da sanyi, aka koma neman sankarar nono da ta yi shekaru a kwance, sannan ta farka a wurin da babu wanda ya yi tsammani.

Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma a yawancin aikin asibiti haka ne. Karaya in ta fito a hoto, magana ta ƙare. To amma akwai wani lungu na aikin likita da karin maganar ba ta cin kasuwa a cikinsa, wato sa'ad da sankarar da ta tsiro a wata gaɓa ta yi ƙaura zuwa ƙoda, ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ko mafitsara. Irin wannan baƙuwa ba kasafai take zuwa da kamanninta ba. Takan ari rigar cututtukan gida ta sa. Wani lokaci ta fito kamar sankarar ƙoda ta asali, wani lokaci kamar ƙwayar cuta, ko tarin fuka, ko tsargiya, ko jinin da ya taru, wani lokaci ma ba ta fitowa sam, sai dai a ga ɓarnar da ta yi. Wanda ya dogara da idonsa kaɗai zai cire ƙodar da bai kamata a taɓa ba, ko ya yi makonni yana ɗura wa mutum maganin da ba na cutarsa ba.

Tun a 1889 wani likitan tiyata na Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar nono ta kashe, ya lura cewa cutar ba ta bazuwa barkatai. Tana da wuraren da take so. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa, kwatancin da duk manomi zai gane: iska na watsa iri ko'ina, amma ba ya fitowa sai inda ƙasa ta karɓe shi. Ƙoda kuwa tana kan babbar hanyar iskar. Kowace ɗaya nauyinta kusan giram 150 ne, amma su biyun suna karɓar kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, fiye da lita guda a kowane minti. Ƙwayar sankarar da ta faɗa cikin jini tana iya ratsawa ta can. Wani binciken gawa da aka wallafa a 1979 daga asibitin M.D. Anderson na Amurka, wanda ya duba mamata fiye da 11,000 masu sankara, ya tarar da cutar ta kai ƙoda a kusan kashi 7 cikin 100. Huhu ne kan gaba wajen aiko da irin wannan baƙuwa, sai nono, da hanji da tumbi, da melanoma, wato sankarar da ke tsirowa daga ƙwayoyin launin fata. A raye kuwa ba a cika ganin irin waɗannan ƙari ba, domin ƙanana ne, ba su cika sa fitsarin jini ba, kuma ƙoda na da haƙuri, tana ci gaba da aiki ko da an ci rabinta. Abin da ya sa yanzu ake yawan karo da su shi ne masu sankara suna daɗewa fiye da da, kuma ana maimaita musu hoton CT don bin sawun cutar.

Kamannin baƙuwar na yau da kullum ba su da wuyar ganewa. Mutum ne da aka san yana da sankarar huhu, cutar ta riga ta kai hanta ko ƙashi, sai a ga 'yan ƙulle-ƙulle da yawa a ƙoda biyun, ba su kai girman goro ba, suna lafe a cikin tsoka ba su turo bango ba, kuma idan an yi allurar rinin da ke haska jijiyoyi ba su sha sosai. Wannan ko ɗalibi zai faɗa. Matsalar tana wajen waɗanda suka saɓa wa wannan siffa.

Likitocin hoto suna da wata hanya mai sauƙi ta raba ƙarin ƙoda gida biyu, wadda Raymond Dyer da abokan aikinsa suka yaɗa a 2008: ƙwallo da wake. Ƙari mai siffar ƙwallo yana girma ne yana ture abin da ke gefensa, har ya yi tozo a jikin ƙoda. Mai siffar wake kuwa yana ratsa tsokar ne kamar yadda ruwa ke ratsa bangon ƙasa, ƙodar ta ƙara girma amma ta riƙe siffarta ta ƙwayar wake. Sankarar ƙoda ta asali galibi ƙwallo ce. Baƙuwa tana iya zama kowanne, kuma kowanne da irin tarkonsa.

Tarkon ƙwallo shi ne ƙari guda ɗaya tilo, babba, a ƙoda ɗaya, ya turo waje. Sankarar babban hanji ta yi suna wajen yin haka. Wadda ta fito daga halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo kuma tana shan rini sosai, ta yi haske a hoto tamkar sankarar ƙoda ta gado. A nan sai a yi hattara ta fuska biyu. Ba duk ƙarin da aka gani a ƙodar mai sankara ne baƙo ba. A wani nazari na 2004, shi ma daga M.D. Anderson, an duba mutum 100 da ke da sankara a wata gaɓa kuma aka ga ƙari a ƙodarsu. Mutum 19 ne kawai nasu ya zama yaɗuwar tsohuwar cutar, mafi yawan sauran sabuwar sankara ce ta ƙodar kanta. Abin da ya fi nuna baƙuwa shi ne a ga tsohuwar cutar tana ci gaba a wasu wurare, kuma ƙarin ba ya shan rini sosai. Bambancin ba na baki ba ne. Idan ta ƙoda ce kuma ba ta fita ba, wuƙa na iya raba mutum da ita har abada, kuma kuskure ne a ce masa cutarsa ta bazu a sallame shi gida. Idan baƙuwa ce, cire ƙodar ba ya kashe maciji, sai ma ya rage wa mutum ƙarfin da zai jure allurar kemo, wadda wasu nau'o'inta ta ƙoda suke fita. Kama da wane ba ta wane. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki, inda sankara ke sauka a cikin wata sankarar. Ta ƙoda ce ta fi karɓar irin wannan baƙunci saboda yawan jijiyoyin jininta, ta huhu kuma ta fi zuwa. A hoto ƙari ɗaya ake gani, sai an yanka a ƙarƙashin madubin likita a tarar biyu ne.

Tarkon wake ya fi kama mu a nan ƙasar, domin yana kama da abin da muke gani kullum. Ƙoda ta kumbura, wani yanki nata mai siffar tsinin gatari bai sha rini ba, kitsen da ke kewaye da ita ya yi dishi-dishi. Wannan ita ce siffar ƙwayar cuta da ta hau ƙoda, kuma sau tara cikin goma in ka ce haka ka yi daidai. Amma sankarar huhu tana yin wannan shigar, haka ma limfoma, sankarar kaluluwa. Mai ciwon na iya zuwa da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, abin ya ƙara rikicewa. Alamar da ke tona asiri ita ce lokaci. Ƙwayar cuta tana ja da baya cikin mako biyu zuwa uku in an ba ta maganin da ya dace. Idan an gama magani, gwajin fitsari bai nuna ƙwaya ba, aka sake hoto aka tarar wurin yana nan ko ya ƙaru, to ruwa ba ya tsami banza. Na sha ganin an canza maganin kashe ƙwayoyi sau uku, sau huɗu, kowane da tsadarsa, alhali kuɗin ɗaya daga ciki ya isa a sake hoton.

Limfoma ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce gwanar sauya kama. Takan fito da ƙulli da yawa, ko guda ɗaya, ko ta taso daga kaluluwar bayan ciki ta malalo cikin ƙoda, ko ta kumbura ƙoda biyun gaba ɗaya ba tare da wani ƙulli ba, ko ta naɗe ƙodar ta waje kamar ɓawon lemo ta bar cikin lafiya. A sikanin tana yin baƙi ƙirin har a ɗauka ƙullin ruwa ne marar illa, sai dai hasken da kan fito a bayan ruwa na gaskiya ba ya fitowa sosai a bayanta. A CT kuma tana da wata ɗabi'a: tana kewaye jijiyar jini ta rungume ta, amma ba ta shaƙe ta, jini na wucewa abinsa. Sankarar ƙoda ta asali ba ta da wannan ladabi, ita kutsawa take cikin jijiyar ta toshe. A wajen yara wannan batu namu ne kai tsaye. Limfomar da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wadda ke bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ba a muƙamuƙi kaɗai take tsayawa ba, tana yawan kama ƙoda biyun. Yaron da aka kawo da kumburin ciki aka ga ƙodojinsa sun yi girma, kafin a yi maganar tiyata a duba fuskarsa da haƙoransa, domin wannan cuta magani ke narkar da ita, kuma cikin sauri.

Akwai wadda ke zuwa da jini. Mace matashiya ta faɗi da ciwon kwiɓi mai tsanani, jikinta ya yi sanyi, idonta ya yi fari, hoto ya nuna jini ya taru ya kewaye ƙoda, ba ta faɗi ba, ba a buge ta ba. Jinin yakan rufe ƙarin da ya haddasa shi, ba a ganin komai sai gudaji. A irin wannan hali tambaya ɗaya na iya ceton rai: yaushe rabonki da ciki? Akwai sankarar da ke tsirowa daga ragowar mabiyiya bayan ɓari, ko haihuwa, ko cikin nan da ba ya zama ɗa sai tarin ƙulle-ƙullen ruwa. Sunanta koriyokasinoma. Tana bin jini da wuri, ta fi zuwa huhu, amma tana kai wa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, kuma duk inda ta sauka tana zubar da jini. Tana fitar da sinadarin da gwajin ciki ke nema, don haka ɗan tsinken gwajin ciki da ake sayarwa a kowane kemis zai iya nuna ta, ko da mahaifar babu komai a cikinta. Wannan ƙari ba a so a soka masa allura don ɗebo nama, saboda jinin da zai ɓalle. Kuma ita ce sankara ta farko mai ƙulli da aka warkar da magani bayan ta bazu, aikin da Min Chiu Li da Roy Hertz suka fara a Amurka a 1956 da maganin methotrexate. Har yau mafi yawan masu ita suna warkewa in an gane ta. Abin takaici ne matuƙa a rasa mace 'yar shekara ashirin da biyar saboda ba a yi mata tambayar da ba ta cin ko kwabo ba.

Melanoma ma tana zubar da jini, kuma tana son kitsen da ke kewaye da ƙoda, inda take zuba 'yan ƙulli kamar an watsa tsakuwa. A hoton MRI wani lokaci takan yi haske a inda sauran ƙari ke yin duhu, saboda sinadarin launin da ke cikinta. Mutane na ɗauka cutar Turawa ce. A jikin baƙar fata tafin ƙafa take fi kamawa, da ƙarƙashin farce. Dattijon da aka yanke wa yatsan ƙafa shekara huɗu da suka wuce saboda wani baƙin gyambo da ya ƙi warkewa ba zai kawo zancen ba idan ya zo da fitsarin jini, don a ganinsa ina ruwan ƙafa da mafitsara. Sai an ce, "Baba, a cire takalmi mu gani." Sankarar ƙashi kuwa in ta je ƙoda takan ƙera ƙashi a can, ta hanji mai yauƙi takan tara alli, duka biyun su yi fari a hoto har a ɗauke su tsakuwa ko tsohon tabon tarin fuka.

Bututun ƙoda shi ne wurin da abin ya fi ɓuya, kuma a nan ne ya kama Hajiyar da na fara da ita. Siriri ne, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, yana gangarowa ta bayan ciki. Sankarar da ta tsiro daga shimfiɗar cikinsa tana leƙowa cikin ramin, ta sa fitsarin jini, ta zubar da ƙwayoyinta a fitsari, in an zura kyamara a gan ta. Baƙuwa ta waje take zuwa. Tana sauka a rigar bututun ta waje ko a tsokarsa, ta matse shi a hankali kamar an ɗaure da zare, shimfiɗar ciki kuwa tana nan sumul. Saboda haka babu jini a fitsari, gwajin ƙwayoyin fitsari ba ya nuna komai, mai kyamara ya shiga ya fito ya ce bai ga ƙari ba, in ma ya gutsuro nama daga sama-sama sakamako ya dawo lafiya. Abin da hoto ke nunawa kawai shi ne ƙoda ta kumbura, bututu ya buɗe har zuwa wani wuri, daga nan ya tsuke. Wani lokaci bangon wurin ya ɗan yi kauri ya sha rini, wani lokaci ko wannan babu.

Nono da tumbi ne suka fi yin wannan aika-aika, sai hanji, da furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A cikin sankarar nono akwai wani nau'i, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100, da ke tsirowa daga 'yan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono. Ƙwayoyinsa sun rasa wani sinadari mai kama da danƙo da ke manne ƙwaya da 'yar'uwarta, don haka ba sa taruwa su yi ƙulli. Tafiya suke a jere ɗaya bayan ɗaya kamar layin tururuwa, suna ratsa nama, jiki kuma yana mayar da martani da tauri. Sakamakon shi ne wani faifan nama mai tauri ya shimfiɗu a bayan ciki ya kama bututu biyun. Akwai wata cuta da ba sankara ba mai yin daidai wannan, wadda John Ormond ya bayyana a 1948, kuma maganinta daban ne ƙwarai. Masana hoto na da 'yan alamun da suke dubawa. Cutar Ormond takan janyo bututun zuwa tsakiya, ta lulluɓe babbar jijiyar jini ta gaba da gefe ta bar ta a kwance kan ƙashin baya. Mai sankara takan shiga ta ƙarƙashin jijiyar ta ɗaga ta, gefenta ya yi gudaji-gudaji. Alamu ne masu amfani, amma ba a rantsuwa a kansu. Nama ne ke yanke hukunci, kuma sai an ɗebo shi da zurfi.

A asibitocinmu, macen da ƙodojinta biyu suka kumbura ba tare da tsakuwa ba, abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan ta nono. Bututun yana wucewa ne kamar santimita biyu daga bakin mahaifa, don haka cutar ba ta buƙatar doguwar tafiya, katanga kawai take haurawa. A tsarin da likitocin mata na duniya ke bi, kumburin ƙoda kaɗai ya isa ya kai cutar mataki na uku. Da yawa daga cikin matan nan ba zubar jini ke kashe su ba, toshewar fitsari ce. Ana iya kai mace wankin ƙoda sau da dama ba a taɓa duba bakin mahaifarta ba, alhali dubawar minti biyar ce.

Mafitsara kuwa, wani nazari da Bates da Baithun suka wallafa daga Landan a 2000 ya tattara mutum 282 da sankara ta zo wa mafitsararsu daga wani wuri, kusan kashi 2 cikin 100 na dukkan sankarar mafitsara da suka gani. Mafi yawa daga maƙwabta ne, babban hanji da furostet da dubura da bakin mahaifa. Daga nesa kuma tumbi ne kan gaba, sai fata, da huhu, da nono. Mai zuwa daga maƙwabta ana ganin inda ta ɓullo. Melanoma kan yi ƙulli a ciki, wani baƙi wani marar launi. Ta tumbi da ta nono irin mai layin tururuwa su ne masu wahala, domin bango suke bi. Mafitsara ta yi kauri, ta ƙanƙance, ta daina buɗewa, mutum ya riƙa zagayawa kowane rabin awa. A Turai wannan siffa na sa a yi zargi da wuri. Mu a nan muna da masu laifi na gida da za a fara ɗora wa. Duk wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko yana aiki a fadamar shinkafa ya san tsargiya, kuma ƙwan tsutsarta na sa bangon mafitsara kauri, ya tara alli siriri kamar ɓawon ƙwai, ya tsuke ƙasan bututun ƙoda, daga baya ma ya jawo tasa sankarar. Tarin fuka shi ma yana ƙanƙantar da mafitsara ya tsuke bututu a wurare da dama. Yawan waɗannan cututtuka gaskiya ne, kuma daidai ne a fara tunaninsu. Haɗarin shi ne a tsaya a nan. Samun ƙwan tsargiya a fitsarin mutumin karkara ba ya nufin an gama bincike, don mutum na iya ɗaukar kaya biyu a kai ɗaya. Can ƙasa kuma, da wuya sankara ta kai mafitar fitsari ko al'aurar namiji, amma tana kaiwa, galibi daga mafitsara ko furostet ko dubura, kuma alamarta wani lokaci ita ce miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya, abin da kunya ke sa a kai wa mai maganin gargajiya kafin likita.

Na'urorin su ma kowace da makantarta. Hoton CT na ƙoda ya dogara da lokacin da aka ɗauka bayan allurar rini. A cikin minti na farko ɓawon ƙoda ne ke haske, cikinta na da duhu, ƙaramin ƙari marar shan rini sai ya ɓace a cikin duhun. Sai an jira kamar daƙiƙa 90 zuwa 100, lokacin da tsokar duka ta yi haske bai ɗaya, sannan ya fito. Bututu kuma ba ya cika da rini sai bayan minti biyar zuwa goma ko fiye. Hoton da aka ɗauka don duba hanta ko huhu ba lallai ya dace da ƙoda ba. Ga kuma wani ƙulli: wanda ƙodarsa ta riga ta gaza, ana jin tsoron yi masa rinin, sai a ɗauki hoto ba rini, wanda kusan makaho ne ga irin waɗannan ƙari. A nan MRI kan taimaka, musamman salon da ke auna yadda ruwa ke motsi a cikin nama, domin ba ya buƙatar allura. Na'urar PET, wadda mutane ke ɗauka ita ce ƙarshen gani, tana amfani da wani sukari mai haske da sankara ke zuƙa. Amma ƙoda na fitar da sukarin nan cikin fitsari, sai ƙoda da bututu da mafitsara duk su ɗau haske, ƙarin ya ɓuya a ciki kamar fitilar ƙwai a tsakar rana. Shi ya sa ake ba da ruwa da maganin sa fitsari a sake ɗauka daga baya.

Ko nama ya isa ɗakin gwaji, likitan can yana buƙatar labari. Yana da rini iri-iri da ke nuna asalin ƙwaya: wani na kama ta huhu, wani ta hanji, wani ta ƙoda, wani ta furostet. Kowane da kuɗinsa, ba zai zuba su duka ba, zai zaɓa ne bisa abin da aka gaya masa. Akwai ma wani mai suna GATA3 da ke kama sankarar mafitsara ta asali, kuma yana kama ta nono. Idan takarda ba ta ambaci nono ba, zai ga rinin ya kama, ya rubuta sankarar mafitsara da zuciya ɗaya, likitan tiyata kuma ya shirya cire mafitsarar.

Wannan ya dawo da ni kan takardar nan mai kalma biyu. Ban ɗora laifin a kan wanda ya rubuta ta shi kaɗai ba, na san layin da ke gabansa a ranar. Amma layi ɗaya da zai ƙara, cewa an cire nono shekara kaza, ya fi duk wata sabuwar na'ura da za a sayo. Marasa lafiyarmu ma ba su cika faɗa ba. Wata kunya ce ke hana ta, musamman gaban 'ya'ya ko suruki. Wani ya ɗauka abin da aka yanke aka jefar ya wuce. Wani ba a taɓa gaya masa sunan cutarsa ba, dangi sun ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi, abin da ya sani kawai an yi masa aikin ƙari. Tsofaffin hotuna kuma suna can ƙarƙashin katifa ko sun lalace a damina, sakamakon gwajin naman farko ya ɓata, an yi aikin a wani gari, asibitin da aka zo yanzu ba shi da hanyar gani. Alhali babu abin da ke taimakon likitan hoto kamar ya ajiye na bara kusa da na bana. Sankarar nono da melanoma suna iya dawowa bayan shekara goma ko ashirin, don haka takardar sakamakon nama abin adanawa ce tare da takardun gida da na gona.

Ita Hajiya, a daren aka soka mata 'yar roba ta baya zuwa cikin kowace ƙoda, domin robar da ake zurawa ta cikin bututu takan gaza idan matsin daga waje yake. Jakunkunan suka fara cika tun kafin a mayar da ita gado. Cikin kwana biyar aman ya tsaya, ƙafafun suka saɓe, ta nemi a kawo mata kunu. Gutsuren farko da aka ɗebo daga mafitsara bai nuna komai ba. Malaminmu ya je da kansa ya roƙi a sake, a shiga har cikin tsoka, ya kuma rubuta tarihin nonon da babban baƙi a saman takardar. Na biyun ya nuna ƙwayoyin a jere, kuma suna da makamar sinadarin mata, wato irin da ƙwayar magani ta baki ke iya riƙewa. Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya a rana. Bayan wata huɗu 'yarta ta dawo da ita sikanin, wannan karon da tsohon fayil ɗin aikin nonon a cikin leda, sun je har garin da aka yi aikin sun nemo shi. Ƙodar dama ta koma girmanta, har an cire robar gefen. Ta hagu tana nan da saura.